Ƙarin fitila ga tsohon babur: haske nawa injin zai iya biya?

Duk wanda ya san ƙasar Kwaya, da sauran garuruwan da ke jere a bakin iyaka cikin gundumomin Magarya da Dungas na jahar Damagaram, ya san cewa kaso mai yawa na tafiyar mutanen wurin cikin duhu ake yin sa. Ɗan kasuwar da ke son ya riski kasuwar Maigatari ranar Alhamis tun dabbobi ba su watse ba, sai ya ɗaura kaya kafin kiran assalatu. Malamin lakwal da aka tura ƙauye, in ya tafi Magarya ko Damagaram neman albashi ko wata takarda, da wuya ya kamo hanyar gida rana ba ta yi ja ba. Da damina kuwa, sa'ad da zazzaɓin cizon sauro ke kayar da yara, ciwo ba ya jiran gari ya waye: uwa ce rungume da ɗanta a bayan babur, ana ratsa gonaki ana neman asibiti. Idan aka bar gudron da ya taso daga Damagaram, ya bi ta Bande da Magarya, ya nufi Tinkim da iyakar Nijeriya, abin da ya rage mafi yawansa rairayi ne da burji da turbar amalanke.

Saboda haka babu mamaki don an ga masu babura sun raja'a ga ƙananan fitilun nan masu farin haske da ake kira LED, waɗanda suka cika rumfunan kasuwar Dole ta Damagaram da na Sabon Gari a Kano. Mutum ya sayi guda biyu, ya kai wa mai gyara, a ɗaura masa su dama da hagu, a jona waya, ya kama hanya yana murna. Wani ya dace, ya ga abin da bai taɓa gani ba da dare. Wani kuwa kafin wata ya ƙare batir ya mutu, ƙaho ya daina kuka, fitilar baya ta ƙone, wani lokaci ma waya ta narke a ƙarƙashin tanki. Galibi waɗanda abin ke faɗa wa masu tsofaffin babura ne, kuma akwai dalili.

Tsofaffin da suka ƙi mutuwa

Ko da yake baburan Sin da na Indiya, irin su Kasea da Jincheng da Boxer, sun mamaye hanyoyi, har yanzu akwai gidajen da ke riƙe da tsohon ƙarfen Japan, suna lallaɓa shi kamar dokin gado. Akwai Honda Super Cub, wanda aka fara ƙerawa a 1958, wanda kuma yawan da aka ƙera ya haura miliyan 100 a 2017. Akwai Yamaha Mate da ma'aikata suka daɗe suna zuwa biro a kansa, da Suzuki A100, da Honda CD175 mai silinda biyu wanda a zamaninsa sai wane da wane. Akwai kuma Honda CG125 da ya fito a 1975, wanda kamfanin ya tsara shi musamman domin ƙasashen da ake ɗora wa babur kaya fiye da kima, ana kuma jinkirin canza masa mai. Bayan an karya darajar kuɗin Sefa a watan Janairu na 1994, sa'ad da faran ɗaya na Faransa ya tashi daga Sefa 50 ya koma 100, sabon babur ya yi wa ƙaramin ma'aikaci nisa, mai tsoho ya ƙara riƙe abinsa da hannu biyu. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana, kuma a wajen ƙarkon inji waɗannan babura ba su kunyata masu su ba.

Inda suka gaza shi ne wajen wuta. An ƙera su a lokacin da ƙwan fitila mai zare shi ne kaɗai abin da ake da shi, kuma mafi yawan waɗanda aka yi kafin tsakiyar shekarun 1980 wutarsu bolt 6 ce, rabin bolt 12 da baburan yanzu ke aiki da ita. Mai babur da bai san ko nasa wanne ne ba, ya duba jikin batir ko gindin ƙwan fitila, a rubuce yake.

A ƙananan baburan nan, wutar tana fitowa ne daga wani faifan ƙarfe mai maganaɗisu da ke juyawa a gefen inji, wanda masu gyara ke kira manyeto. A cikinsa akwai naɗin wayar tagulla, wato bobin, ko koyil kamar yadda ake faɗa a wancan gefen iyaka. Bobin ɗaya yana ba bujji wuta, wani kuma yana ciyar da fitilu da batir. Babbar fitilar gaba, a da yawa daga cikinsu, ba ta ko bi ta batir; daga bobin take sha kai tsaye. Shi ya sa in an murɗa mai sai ta yi haske, in an sassauta sai ta yi ja kamar aci-balbal. Abin takaici shi ne a daidai wurin da matafiyi ya fi bukatar gani, wato cikin rairayi ko a bakin kwazazzabo inda tilas ya rage gudu, a nan ne fitilar ke rage masa haske.

Wannan bobin na fitilu ma'auninsa ƙayyadadde ne. A irin waɗannan ƙananan babura abin da yake bayarwa bai cika wuce wat 30 zuwa 40 ba, kuma masu ƙira sun riga sun raba shi: wat 25 ko makamancin haka ga fitilar gaba, wat 3 zuwa 5 ga ta baya, ɗan abin da ya saura ga ƙwan agogon gudu. Babu rarar kirki. Kamar albashin ƙaramin ma'aikaci ne wanda tun kafin ya shigo hannu an san inda kowace dala za ta; in aka kawo sabon baki gidan, daga kwanon wani za a ɗebar masa.

Lissafin da ya kamata a yi kafin a kwance lalita

Lissafin ba shi da wuya ga wanda ya saba da awon hatsi. Wat shi ne yawan wutar da fitila ke ci. In aka raba wat da bolt, sai a sami amfer, wato yawan wutar da ke gudu cikin waya. Fitilar halojen ta mota mai wat 55, irin wadda direbobi ke ɗaurawa a gaba, tana jan amfer 4 da rabi da ɗoriya a kan bolt 12. Guda biyu sun haura amfer 9, sun kuma cinye wat 110, wato wajen ninki uku na duk abin da bobin ɗin tsohon ƙaramin babur ke iya haifarwa. Wanda ya jona irin wannan a wayar fitilar gaba, abin da zai samu fitilu uku ne kowace tana lumshe ido. Wanda ya jona ta a batir kuwa, batir mai amfer-awa 4 ko 5 ba zai kai shi ko'ina ba.

A nan ne LED ta canza magana. Asalin farar LED yana komawa ga masu bincike uku na Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, waɗanda suka gano yadda za a sami shuɗin haske mai ƙarfi daga ɗan ƙanƙanin dutse na lantarki a farkon shekarun 1990; daga wannan shuɗin ne aka samo farin, kuma an ba su kyautar Nobel a 2014. Fitilar LED mai wat 10 tana iya ba da hasken da ƙwai mai zare sai ya ci ninkin-ba-ninkin haka kafin ya bayar. Guda biyu wat 20 ke nan, ƙasa da amfer 2 a kan bolt 12. Ga babur na zamani wannan ba wani nauyi ba ne. Ga tsoho kuwa, akwai tarko uku da mai sayarwa ba lalle ya ambata ba.

Na farko, yawancin fitilun LED da ke kasuwa an yi su ne domin bolt 12 zuwa sama. A jikin kwalinsu za a ga an rubuta wani abu kamar 9 zuwa 30, ko 12 zuwa 80. A kan bolt 6 ba za su ko kama ba, ko su kama suna ƙyaftawa. Na biyu, wutar da ke fitowa daga bobin mai kai-da-komo ce, tana juya fuska sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, ita kuwa LED wuta mai bin hanya ɗaya take so, irin ta batir. Ƙwai mai zare bai damu da wannan bambanci ba, amma LED in ba an yi ta domin haka ba, ta kan yi ta walƙiya, kuma ba ta daɗewa.

Tarko na uku shi ne ya fi ɓoyuwa, ya kuma fi cin kuɗin mutane. Da yawa daga cikin tsofaffin baburan nan ba su da na'urar daidaita wuta, wadda ake kira regilate. Ƙwayayen fitilun su da kansu ne ke riƙe wutar kada ta hau, domin abin da suke ci ya yi daidai da abin da bobin ke bayarwa. Tsofaffin masu gyara sun san wannan tun da daɗewa: in ƙwan gaba ya ƙone ana cikin gudu, ba a jimawa na baya ya bi shi, saboda duk wutar ta komo kansa. To, mutumin da ya cire ƙwai mai wat 25 ya sa LED mai wat 8 domin ya sami rarar da zai ba fitilun ƙari, ya cire murfin tukunya ne. Da zarar ya hau gudron ya murɗa mai, bolt zai haura, ya ƙone fitilar baya, ya ƙone sabuwar LED, in batir na cikin layin ya tafasa ruwansa.

Akwai kuma bambanci tsakanin babur da babur wanda ya kamata a sani. A masu manyeto, ko batir ya mutu inji zai ci gaba da aiki, ƙaho da sigina ne kawai za su yi shiru. Amma a irin su CD175, bujji daga batir yake samun wutarsa. Fitilar da ta tsotse batir a irin wannan babur ta kashe inji ke nan, kuma ba a ƙofar gida take kashe shi ba.

Ba kowane adadi da aka buga a jikin kwali ake yarda da shi ba. Fitila mai girman ƙwan kaza da aka rubuta mata wat 60 ko 100, in aka auna ta da mita, sau da yawa abin da take ci bai kai kusa da haka ba. Mai gyaran da ke da mitar awon wuta, ya kuma san amfani da ita, ya fi wanda ke gwada waya da tartsatsi a jikin ƙarfe, ko da kuɗin aikinsa ya ɗara da ƴan ɗaruruwa.

Hasken da ya ɓace a hanya

Kafin a kai ga sayen komai, akwai hasken da babur ke da shi tun asali wanda ya zube tsakanin bobin da ƙwai. Ƙwai mai zare abu ne mai saurin fushi: in bolt ya ragu da kashi 10 cikin 100, haskensa yakan ragu da kusan kashi 30. A wutar bolt 6, asarar rabin bolt kaɗai ta kusa kai wannan matsayi. Babur da ya shekara talatin ko arba'in yana shan ƙurar hunturu da ruwan damina, kowane mahaɗin waya a jikinsa ya yi kore, makunnin da ke kan hannu ya cika da datti, wayar da ke komar da wuta jikin ƙarfe, wadda masu gyara ke kira mas, ta yi tsatsa. A goge waɗannan, a ɗaure su, a ja sabuwar wayar mas mai kauri daga gidan fitila zuwa jikin babur. Sannan a buɗe fitilar a duba kwanon da ke bayan ƙwai. In ya dushe ya zama kamar tsohuwar tasa, babu ƙwan da zai yi haske a cikinsa, sai a nemi wani. Gilashi ma a wanke shi ciki da waje. Mutane da yawa da suka yi wannan aikin na rabin yini sun iske bukatar ƙarin fitila ta ragu ƙwarai.

In bayan haka har yanzu ana son ƙari, hanyoyin da suka tabbata ba su da yawa. Mafi inganci ita ce a mai da babur bolt 12 gaba ɗaya: a sake naɗa bobin ko a sa wani da ya dace, a sa regilate mai daidaita wuta yana kuma mai da ita mai bin hanya ɗaya, a canza batir, a canza dukan ƙwayaye da ƙaho da na'urar sigina. A baburan da bujjinsu ke sha daga batir, bobin ɗin bujji ma sai an canza shi. Masu naɗin bobin suna nan a Damagaram da Kano, kuma kayan baburan Sin da aka kwaikwaya daga CG125 sukan shiga jikin tsohon ba da wahala mai yawa ba. Sai dai a tuna cewa sauya bolt ba ya ƙara wat da kansa. Maganaɗisun da ke cikin faifan shi ne dai na da. Ribar da ake samu ita ce asara a waya ta ragu, wuta ta daidaita, kuma ƙofar amfani da LED ta buɗe, ita kuwa LED ce ke kawo rarar.

Wanda ba ya son a taɓa masa inji yana da wata dabara: ƙaramin batir na bolt 12 daban, a ɗaure shi a akwati, ya ciyar da fitilun ƙari su kaɗai, da rana a cika shi da farantin hasken rana, abin da yanzu ba ya wuya ko a ƙauye. Batir mai amfer-awa 7 zai riƙe fitilu masu wat 20 wajen awa huɗu a lissafin takarda, amma in ana son ya yi ƙarko kada a zuƙe fiye da rabinsa, wato a ƙidaya awa biyu. Ga mai zuwa kasuwa sau ɗaya a mako, ko mai jiran ranar da za a buga masa ƙofa da dare, wannan ya wadatar.

Kowace hanya aka bi, akwai abu ɗaya da ba a yin ciniki a kansa, shi ne fizibil, ɗan abin nan da ke tsinkewa in wuta ta yi yawa. A sa shi a wayar da ta fito daga batir, kusa da batir ɗin, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba. Ga fitilu masu wat 20, mai amfer 5 ya isa. Batirin babur ƙarami ne, amma in wayarsa ta goge ta taɓa ƙarfe, yana iya mai da ita ja wur cikin ƙiftawar ido, kuma hanyar da wayar ke bi ita ce ƙarƙashin tanki. A yankin da ake ɗauko isansi cikin jarkoki a bayan babur, inda ƴan ruwa-ruwa ke jere da kwalabe a bakin hanya, ba sai an tsawaita bayani ba. Ɗabi'ar naɗe fizibil da ya tsinke da zaren waya ko takardar kwalin sigari, daidai take da cire shi. Waya kuma a sa mata riga, a ɗaure ta nesa da kan inji da salansa, a bar mata sarari a wuyan babur yadda in an juya kai ba za ta ja ba.

Idon wanda ke tahowa

Bashin farko inji ke biyansa. Na biyu kuwa mutumin da ke tahowa daga gaba ake ɗora wa, shi da bai sayi komai ba.

Babbar fitilar kowane abin hawa tana da matsayi biyu, waɗanda a nan ake kira kod da far, a Nijeriya kuma dim da ful. Kod an yanke masa kai ne da gangan domin haske ya kwanta a ƙasa. Yarjejeniyar zirga-zirga ta duniya da aka ƙulla a Biyana a 1968, wadda Nijar ke cikinta, ta wajabta wa direba ya sauko daga far duk lokacin da zai kashe wa wani ido. Ta kuma hana jan haske a gaban abin hawa, ta keɓe shuɗi mai walƙiya ga motocin gaggawa. Ƙananan fitilun LED na kasuwa, mafi yawansu ba su da wannan yankan kai. Haskensu zagaye yake fita, rabi a ƙasa, rabi a fuskar jama'a. Haka nan ƙwan LED da aka cusa cikin tsohon kwanon da aka ƙera domin zare: tushen hasken bai zauna inda kwanon ke jiransa ba, sai ya watsu ko'ina.

A lissafa abin da wannan ke nufi. Mai gudun kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 kowace daƙiƙa. In haske ya buge masa ido ya yi daƙiƙa uku bai dawo daidai ba, kuma dattijo yakan fi haka daɗewa, ya yi tafiyar mita 40 da ɗoriya a makance. A cikin waɗannan mita 40 akwai amalanken shanu da ke dawowa daga fadamun Korama da lodin rake, ba fitila ba ƙyalli. Akwai jaki, akwai mai keke, akwai yaro da tallan da bai ƙare ba, akwai kuma masu ɗaukar kayan da ba sa son ido ya gan su, waɗanda ke tafiya fitila a kashe. Wanda aka makantar kuma ba lalle ya kauce ba. Yana iya faɗowa kan wanda ya makantar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce haɗarin hanya na kashe mutum wajen miliyan 1.19 a shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ke kan gaba.

Shi ma mai sabuwar fitila yana da nasa ruɗin. Haske mai yawa a gaban taya yana sa mutum ya ji kamar rana ce, ya ƙara mai, alhali birkin tsohon babur na nan yadda yake. A gudun kilomita 60, kafin ƙafa ta kai ga birki an ci kusan mita 17, kuma a kan burji mai tsakuwa tsayawar kanta na iya cin ninki biyu na haka. Farin haske mai ƙarfi dab da babur yana kuma tsuke ƙwayar ido, nesa ta ƙara duhu.

Gyaran wannan ba ya cin ko dala. A sami fili mai shimfiɗe da bango, a tsai da babur mita 10 daga bangon da dare, mai shi ya hau ya zauna. A auna tsayin fitila daga ƙasa, a yi alama a bango daidai wannan tsayi. Saman hasken ya kamata ya sauka ƙasa da alamar da santimita 10 zuwa 20. In ya haura alamar, a idon mutane yake. Ɗan kasuwa ya yi wannan awon da kayansa a ɗaure, domin buhun wake biyu a baya suna danne gindin babur su ɗaga kansa, fitilar da aka saita ba kaya sai ta koma kallon rassan gawo. Fitilun ƙari su sami makunninsu daban, kusa da babban yatsa, yadda za a kashe su da zarar an hango wani ba tare da an saki hannu ba. Wasu masu gyara sukan haɗa su da wayar far ta hanyar rele, domin su mutu da kansu in an koma kod. Dabara ce mai kyau, sai dai a baburan da far ɗinsu ke sha daga bobin kai tsaye, rele yakan yi ta kaɗawa yana ƙara, sai an sa masa abin da zai daidaita wutar.

Ƙura da launi

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, in hazon hunturu ya sauka, ko kuma a bayan babbar mota a kan burji, farin haske mai ƙarfi da aka ɗaura sama yana komowa idon mai shi kamar an rataya masa farin zane a gaba. Abin da ke taimako shi ne a sauko da fitilar ƙasa, a kan ƙarfen kariya ko gefen ƙafafun gaba, ta haska ƙarƙashin ƙurar, ta kuma fito da inuwar ramuka da kunyar rairayi. Dattawa za su tuna da Peugeot 404 da 504 masu rawayen ido da suka yi zamani a hanyoyin ƙasar nan. Dokar Faransa ce ta 1936 ta tilasta wannan launi, kuma ba a janye ta ba sai a 1993. Masana sun daɗe suna muhawara a kan ko rawaya na ratsa hazo fiye da fari, amma direbobi da yawa sun shaida cewa ya fi sauƙi ga ido, na mai tuƙi da na mai tahowa. Farin LED mai ɗaukar shuɗi-shuɗi shi ne mafi tsanani a wannan fanni, kuma akwai masu rawayen gilashi a kasuwa a kusan kuɗi ɗaya.

Yadda aka jera su ma yana da magana. Fitilu biyu dab da juna a tsayi ɗaya, babbar a kashe, daga nesa sukan yi kama da motar da ke can da nisa, sai mai tsallakawa ya ɗauka yana da lokaci. In babbar tana kunne a sama, ƙananan biyu a ƙasa dama da hagu, mai kallo ya fi saurin gane cewa babur ne, ya kuma kimanta kusancinsa.

Mai tsohon babur da ke tunanin wata rana zai sayar, ko ya bar wa ɗansa, ya hana mai gyara huda masa ƙarfe ko yanke wayoyin asali. Akwai maɗauran da ke kama bututu da kusoshi, ana kwance su ba tabo, kuma sabuwar waya tana iya bin hanyarta daban daga batir. Ranar da jandarma ya tsai da shi a hanyar Magarya, ko mai saye ya zo dubawa, abin da za a fara nema shi ne kod da far na asali suna aiki, jar fitilar baya tana ci, ɗan gilashin nan mai mai da haske yana nan a wurinsa. Ƙwan baya na cikin mafi araha a jikin babur, shi ne kuma wanda mai shi ba ya gani in ya ƙone, don haka kafin a tashi da asuba sai a sa hannu a bayansa a ga ko tafin ya yi ja.